Ɗan Damfara a Rigar Addini: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Fim ɗin da Ke Raba Kan Masu Kallo

A Gombe, kamar sauran biranen Arewa, fim ba ya jiran gidan sinima kafin ya iso ga jama'a. Ta waya yake shigowa. Wani ya sauke daga YouTube, wani ya je shagon masu tura fina-finai a bakin kasuwa a zuba masa, wani kuma ya tarar da shi a talabijin bayan isha'i. Yawanci a kalla, a yi dariya ko a share hawaye, a wuce. Amma akwai wani nau'in labari da ba ya mutuwa idan an kashe waya, wato labarin mutumin da ya sa rigar malami ko ta fasto ya ci kuɗin wanda aka yi wa rasuwa. Washegari sai ku ji musu ya kaure a majalisa, daga Jekadafari har Pantami. Wannan ya ce an faɗi gaskiya, wancan ya ce an ci mutuncin malamai, wata kuma ta yi shiru don abin ya taɓa faruwa a gidansu.

Wane irin fim ne wannan?

Abubuwa uku ne suke haɗuwa a cikinsa. Akwai ɗan damfara, wato mutumin da ba ya ƙwace da ƙarfi, sai dai ya sa ku yarda da shi har ku miƙa masa da hannunku. Akwai mai baƙin ciki: uwar da ɗanta ya rasu, matar da ke takaba, uban da ke jinyar 'yarsa. Sannan akwai imani, wanda shi ne ƙofar da ɗan damfarar yake bi ya shiga.

Ku lura da bambancinsa da fim ɗin 'yan 419 da kuka saba gani. A can, wanda ake cuta yawanci kwaɗayi ne ya kai shi, an ce za a ninka masa kuɗi ya yarda. Mai kallo yana iya dariya ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan kuwa wanda ake cuta ba riba yake nema ba. So yake a ce masa ɗansa yana cikin rahama, ko a ce masa ba sakacinsa ne ya jawo mutuwar ba. Shi ya sa dariya take maƙalewa a wuya.

Waɗanne fina-finai ake nufi?

Bari mu fara da Indiya, tunda fina-finanta sun zama 'yan gida a ƙasar Hausa tun shekarun 1960, yanzu kuma ga fassarar Hausa irin ta Algaita.

A shekarar 1965 aka fitar da *Guide*, wanda Dev Anand da Waheeda Rehman suka fito a ciki, Vijay Anand ya ba da umarni. Raju mutum ne mai zaƙin baki da aka ɗaure saboda ya yi jabun sa hannu. Da ya fito daga kurkuku sai ya yada zango a wani tsohon wurin ibada, mutanen ƙauye suka ɗauka waliyyi ne, shi kuma ya ga abinci na zuwa ya yi shiru. Sai fari ya zo. Mutane suka sa rai cewa zai yi azumi har ruwa ya sauka. Ya tona wa kansa asiri a gaban mabiyinsa na kusa, amma mutumin bai daina yarda da shi ba. Daga nan Raju ya yi azumin da gaske, ruwa ya sauka, shi kuma ya mutu.

Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne *Trance*, fim ɗin harshen Malayalam na jihar Kerala da ya fito a watan Fabrairun 2020, Anwar Rasheed ya ba da umarni, Fahadh Faasil ya ja ragama. Viju matashi ne mai sana'ar ƙarfafa wa mutane gwiwa da jawabi. Ƙanensa mai fama da taɓin hankali ya kashe kansa, Viju ya shiga ƙunci, barci ya gagare shi. A wannan hali wasu 'yan kasuwa biyu suka ɗauke shi haya, suka horar da shi, suka sa masa suna Fasto Joshua Carlton, ya riƙa "warkar" da mutanen da aka shirya tun kafin taro. Wurin da fim ɗin ya fi ciwo shi ne labarin wani talaka da ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, ya ƙi kai 'yarsa asibiti yana jiran mu'ujiza, yarinyar ta rasu. Wato mai baƙin ciki ne ya zama macuci, ya kuma haifar wa wani baƙin ciki irin nasa.

Daga Amurka akwai *Nightmare Alley* na Guillermo del Toro, wanda ya fito a Disambar 2021, aka ɗauko shi daga littafin William Lindsay Gresham na 1946. Bradley Cooper ya fito a matsayin Stan, mai wasan karanta zuciyar mutane. Tsohon da ya koya masa sana'ar ya gargaɗe shi cewa kada ya kuskura ya ce yana magana da matattu. Ya ƙi ji. Ya gaya wa wani alƙali da matarsa cewa ɗansu da ya mutu a yaƙi yana jiransu, za su sake haɗuwa. Matar ta ɗauki maganar da gaske, ta harbe mijinta ta harbe kanta don su riski ɗan.

Wannan labari baƙo ne a wurinmu?

Ko kaɗan. Duk wanda ya karanta *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya san yadda Alhaji Imam ya shiga garin jahilai ya zama malami ba tare da karatu ba, har ya sa aka kori Malam Zurƙe da wayon zane a ƙasa. A kudu kuma Wole Soyinka ya rubuta wasan *The Trials of Brother Jero*, wanda aka fara nunawa a 1960, kan wani annabin ƙarya na bakin teku a Legas. Bambancin shi ne waɗannan biyun raha ce ta fi yawa a cikinsu, ba su tsaya a kan gawa ba.

A Kannywood, tun daga *Turmin Danya* na 1990 zuwa yau, an fi ɗora wannan hali a kan boka. Kun san shi: jan ƙyalle, ƙwarya, kogon dutse, dariya mai ban tsoro. Kishiya ta je wurinsa, a ƙarshe asiri ya tonu, malamin kirki ya zo ya karya sihirin da addu'a. Wannan tsari ba ya tayar da ƙura, domin kowa ya yarda boka ɓatacce ne. Rigima tana tashi ne idan aka cire jan ƙyallen aka sa wa macucin rawani da carbi, aka sa ayoyi a bakinsa. A ganina nan ne masu shirya fim ɗinmu suke ja da baya, alhali macucin da yake shiga gidan makoki a zahiri ba da jan ƙyalle yake zuwa ba. Da farar riga yake zuwa, da sallama, da ƙamshin turare.

Gombe kuwa ba 'yar kallo ba ce a wannan masana'anta. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, mahaifinsa ɗan Balanga ne, ga kuma 'yan wasa irin su Umar Gombe da Momee Gombe da suke ɗauke da sunan garin.

Yaya damfarar take aiki a zahiri?

Za ku iya tambaya: yaya baƙo zai san sunan mamaci da ciwon da ya kashe shi idan ba shi da wani sani na ɓoye? Hanyoyi biyu ne, kuma fina-finan nan sun nuna su dalla-dalla.

Ta farko ita ce karanta mutum a take. Macuci ya dubi shekarunku, da suturarku, da yadda idonku ya kumbura, sai ya jefa maganar da ta dace da kusan kowa: "Akwai abin da kike so ki gaya masa ba ki samu dama ba." Wace ce aka yi wa rasuwa da ba ta da irin wannan? Idan ya ga kin girgiza, ya ƙara matsawa. Idan ya kuskure, ya sauya magana da sauri. Daga baya abin da ya dace ne kaɗai zai zauna miki a rai, kurakuran kuma ki manta. Yawancin bayanin ma daga bakinki ya fito ba ki ankara ba.

Ta biyu ita ce tattara bayani tun kafin a haɗu. Wannan ta faru da gaske a Amurka. Wani mai wa'azi, Peter Popoff, ya shahara da kiran sunayen marasa lafiya da adireshinsu a tsakiyar taro yana cewa wahayi ne. A 1986 wani mai bincike, James Randi, ya gano cewa matar Popoff ce take karanta masa bayanan ta wata 'yar na'urar rediyo da ke kunnensa, daga katunan neman addu'a da mutane suka cika da hannunsu. Aka tona asirin a talabijin, ya karye a 1987. Bayan wasu shekaru ya dawo yana tallan ruwan mu'ujiza, kuma ya sake samun masu saye.

A wurinmu macuci ba ya bukatar na'ura. Zaman makoki a buɗe yake ga kowa, haka al'adarmu take kuma abu ne mai kyau. Amma wanda ya zauna a kan tabarma na awa biyu zai ji sunan mamaci, da asibitin da ya kwanta, da yawan matansa, da ɗan da ba ya ga maciji da wane. Abin da bai ji ba, zai gani a sanarwar rasuwa a Facebook.

Daga nan sai ya zaɓi ƙofa. Wani ya bugo waya cikin dare da sauyayyar murya, ya yi sallama, ya ja aya, ya ce shi aljani ne, ya kira sunan mahaifiyarku, ya ce a tura katin waya ko kuɗin sadaka, kuma kada a gaya wa kowa. 'Yan sanda sun sha kama irin waɗannan a jihohin Arewa, mutane ne kamar kowa. Wani ya ce ya ga mamacin a mafarki cikin wahala, sai an yanka baƙin rago an kawo masa. Wani ya ce mutuwar ba ta Allah da Annabi ba ce, jifa ne, kuma daga cikin gida. Wannan ta fi kowace muni, domin bayan kuɗin da za a ci, ana barin zumunci a tarwatse, a bar wata tsohuwa da tambarin maita har ta mutu.

Akwai kuma ƙofar bashi. Kun san a wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, saboda Musulunci ya tsananta a kan bashin mamaci, kuma ana biyansa kafin a raba gado. Macuci ya san magada suna tsoron kada mahaifinsu ya kwana da nauyi. Sai ya zo bayan sadakar uku, ya sunkuyar da kai, ya ce shi da ba zai faɗa ba, amma yana tausayin marigayi.

Me ya sa masu kallo suke rabuwa a kansa?

Domin kowa da abin da ya shigo da shi wurin kallo.

Mafi ƙarar murya su ne masu jin an taɓa addininsu. Da *PK* na Aamir Khan ya fito a Disambar 2014, yana sukar wani shugaban addini mai cin kuɗin mabiya, ƙungiyoyin Hindu irin su Bajrang Dal sun yi zanga-zanga, an farfasa gidajen sinima a Ahmedabad da Bhopal. Duk da haka fim ɗin ya zama wanda ya fi kowane fim ɗin Indiya kawo kuɗi a lokacinsa, har jihohin Uttar Pradesh da Bihar suka yafe masa haraji. A Oktoban 2021 kuma an kai hari wurin ɗaukar shirin *Aashram* a Bhopal, aka watsa wa mai ba da umarni Prakash Jha tawada a fuska. A Najeriya mun ga irin wannan rabuwa a Janairun 2024, lokacin da sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da shiri kan marigayi T.B. Joshua, inda tsofaffin mabiyansa suka yi zargin cin zarafi da shirya mu'ujizar ƙarya. Cocinsa ta musanta, mabiya suka fito kare shi, wasu kuma suka ce an daɗe ana faɗa ba a saurara ba.

Bai kamata a raina wannan fushi ba. Mutumin da malaminsa ya koya masa alwala, ya raɗa wa 'ya'yansa suna, ya sallaci mahaifinsa, idan ya ga mai kama da shi a fim yana cuta, zuciyarsa za ta sosu. A Arewa akwai kuma tsohon rashin yarda tsakanin malamai da 'yan fim. Ku tuna yadda aka fasa gina alƙaryar fim ta Kofa a jihar Kano a 2016 bayan malamai sun yi ca a kanta. Wanda tun asali yake zargin 'yan fim da ɓata tarbiyya ba zai karɓi wa'azi kan malaman ƙarya daga hannunsu cikin sauƙi ba.

Akwai kuma masu musu kan ƙarshen labari. R.K. Narayan, wanda ya rubuta littafin 1958 da aka ɗauko *Guide* daga ciki, bai ji daɗin fim ɗin ba, har ya rubuta sukarsa. A littafin ba a tabbatar wa mai karatu ko ruwa ya sauka ba. A fim kuwa an kece da ruwa, kuma masu kallo suka so shi haka, ya lashe manyan kyaututtukan Filmfare na fim, da mai ba da umarni, da jarumi, da jaruma. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan musu ta shafe mu: shin maƙaryaci zai iya tuba har Allah ya karɓi addu'arsa? Mai imani zai ce ƙofar tuba a buɗe take. Wanda aka taɓa cuta zai ce, to, haƙƙina fa? Duka biyun suna da hujja a addini, domin tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar musu da abinsu.

Wasu kuma guje wa fim ɗin suke yi gaba ɗaya. An kashe kimanin dala miliyan 60 a kan *Nightmare Alley*, bai mayar da miliyan 40 ba a sinima, duk da an zaɓe shi cikin masu takarar Oscar ta fim mafi kyau, har Martin Scorsese ya yi rubutu a jarida yana roƙon mutane su je su kalla. Ya fito rana ɗaya da wani sabon *Spider-Man*, a lokacin da duniya take fama da mace-macen korona. Wanda bai daɗe da binne nasa ba, da wuya ya biya kuɗi don a tuna masa.

Waɗanda suka fi damuna su ne masu shiru. Matar da ta sayar da ɗan kunnenta ta kai wa mai duba bayan rasuwar mijinta tana zaune a falo ana kallo, 'ya'yanta suna dariya suna cewa wace irin wauta ce wannan. Ba za ta ce komai ba. Kuma daga ranar ta ƙara ƙudurta cewa ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba, wanda shi ne ainihin abin da macucin yake so.

To, cin mutuncin addini ne ko kuwa?

Ya danganta da fim ɗin, kuma kuna da ma'aunin da za ku gwada da kanku. Ku duba wa ake mayarwa abin dariya. Idan macucin ne ake tona wa asiri, mai baƙin ciki kuma aka bar masa mutuncinsa, fim ɗin yana tare da masu imani. Idan kuwa saƙon shi ne duk mai addu'a wawa ne, kuma babu malamin kirki ko ɗaya a duniyar labarin, kuna da dalilin ƙin sa.

Tona asirin mai cin abinci da addini ba 'yan fim ne suka fara ba. Alƙur'ani a Suratut Tauba ya yi gargaɗi kan malaman da suke cin dukiyar mutane da ƙarya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Buba Yero ya karɓo tuta daga hannunsa ya kafa masarautar Gombe, ya yi rubutu mai zafi kan miyagun malamai. Ga 'yan'uwa Kirista, Littafi Mai Tsarki ya kawo labarin Gehazi, baran Elisha, da ya bi Na'aman ya karɓi kyautar da maigidansa ya ƙi, da kuma Siman mai sihiri da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi Bitrus ya tsawata masa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Bukhari da Muslim. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu yana jariri, rana ta yi husufi. Mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Ku yi tunani: uba ne a cikin hawaye, ga alama a sama, ga jama'a sun riga sun yarda. Shiru kawai zai yi darajarsa ta ƙaru a idonsu. Amma ya tashi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk wanda ya zo muku da mafarki ko alama a ranar makokinku yana neman wani abu, ku auna shi da wannan.

Sai dai a yi adalci. Ba duk malamin da aka ba sadaka ne macuci ba. Ruƙiyya, wato karanta ayoyi da addu'o'i ga marar lafiya, tana da asali, kuma ya tabbata sahabbai sun karɓi lada a kanta. Malamai kuma suna da saɓani a tsakaninsu kan abubuwa kamar sadakar bakwai da ta arba'in, wannan saɓanin fahimta ne, ba damfara ba. Alamomin macuci daban suke: yana da'awar sanin gaibu, yana gaya muku halin da mamaci yake ciki a kabari, yana sa sharaɗin sirri, yana hana zuwa asibiti, kuma bukatarsa ba ta ƙarewa. Hadisi ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Su wa abin ya fi shafa a Gombe?

Garin nan ya san makoki na farat ɗaya. A Disambar 2014 bam ya tashi a tashar Dukku. A ranar 16 ga Yulin 2015, ana cikin sayayyar ƙaramar salla, ya tashi a babbar kasuwa ya kashe gommai, kafin mako ya cika kuma aka sake kai hari a tashoshin mota. Ga dubban iyalai da suka gudo daga Borno da Yobe suka zauna a nan, wasu har yau ba su ga gawar nasu ba, ba su kuma ji yana raye ba. Irin wannan uwa ita ce ta fi kowa rauni a gaban mai cewa "ɗanki yana nan, na gan shi, kawo kaza a yi aiki ya dawo."

Bayan su akwai mata masu takaba. Wata huɗu da kwana goma mace tana gida, sau da yawa ga kuɗin gado ko haƙƙin aikin miji sun shigo hannunta a karon farko, ga waya a gefenta dare da rana. Kuma abin bai tsaya ga addini ɗaya ba. Gombe gari ne na Musulmi da Kirista, macuci kuwa yana sa rigar da ta dace da gidan da zai shiga. Ilimin boko ma ba ya karewa. Arthur Conan Doyle, likita kuma marubucin labaran Sherlock Holmes, wanda ɗansa ya rasu a 1918, ya ƙare rayuwarsa yana kare masu da'awar magana da matattu, har abotarsa da Harry Houdini, mai tona asirinsu, ta lalace.

Mene ne asararsa, kuma me doka ta ce?

Kallon fim ɗin kansa kuɗin data ne ko ɗan abin da za ku ba mai turawa. Mai shiryawa ne yake ɗaukar kasada, domin sai ya bi ta hukumar tace fina-finai, wato ofishin da ke duba fim kafin a sake shi. Ta tarayya an kafa ta a 1993, ta jihar Kano a 2001. A 2024 ta tarayya ta fito da ƙa'idar hana ƙawata tsafin neman kuɗi a fim.

Asarar gaske tana kan wanda aka cuta: kuɗin marayu, lafiyar da aka yi sakaci da ita, zumuncin da ya tsinke, wani lokaci har da imanin kansa, domin akwai wanda idan malamin ƙarya ya cuce shi sai ya yanke ƙauna daga malamai duka.

Doka ba ta ɗauki wannan a matsayin sha'anin addini ba. Dokar tarayya ta 2006 kan zamba cikin aminci ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya. Ta kuma ambaci mai da'awar ninka kuɗi ta hanyar tsafi ko wasu halittun ɓoye. Hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a nan Gombe, kuma ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda. Abin da ke taimakon bincike shi ne lambar wayar da aka kira ku da ita, da lambar asusun da kuka tura kuɗi, da saƙonnin banki, don haka kada ku goge su saboda kunya.

Idan kuna cikin makoki, ya dace ku kalla?

Babu dole. Idan rashin sabo ne, ku bari sai zuciya ta ɗan lafa, musamman *Trance* da *Nightmare Alley*, waɗanda suke da wuraren kisan kai kuma ba na yara ba ne. Idan za ku kalla da iyali, ku kula da bakinku a kan wanda aka cuta a labarin, don ba ku san wa ke saurare ba.

Ku sani kuma cewa yin mafarkin mamaci, ko jin kamar muryarsa a tsakar gida, abu ne da yake faruwa ga masu makoki da yawa, ba ya bukatar a biya wani ya fassara. Amma idan watanni shida sun wuce baƙin cikin bai sassauta ba, ba barci, ba cin abinci, ba a iya komawa aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin jerin lalurorin da ake dubawa, kuma ana iya ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Zuwa asibiti ba ya hana addu'a.

Game da mai zuwa da maganar bashi, ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Ku karɓe shi da mutunci, ku ce ya zo da shaida ko rubutu, a zauna gaban manyan gida ko limamin unguwa. Duk wata bukatar kuɗi da ta zo a kwanakin makoki, a wakilta mutum ɗaya a dangi, wanda hankalinsa ya fi kwanciya, ta bi ta hannunsa, kuma kada a tura ko sisi a daren da aka bugo waya.